Kafin a gina mana rumfar manyan baƙi, a gyara ƙasar da muke faɗuwa a kanta

Rubutun zai ɗan yi tsawo, mai ƙaramar data ya yi haƙuri.

Duk sanda aka dawo hutu aka fara wasannin share fage, wannan sashe ya kara da wancan, sababbin ɗalibai su gwada ƙwanji da tsofaffi, sai tsohuwar muhawarar nan ta farfaɗo a zaurukanmu na WhatsApp. Wani ya ɗora hoton filin wata ƙaramar kwaleji a Amurka, ciyawa kamar darduma, kujeru reras, ya rubuta "ku ga yadda mutane ke yi". Daga nan a rabu gida biyu. Wasu su ce mu ma lokaci ya yi da za a gina mana sitadiyam na gani na faɗa. Wasu su ce wanda ke bin layin ruwa da bokiti tun asuba ina shi ina zancen sitadiyam.

Ra'ayina a taƙaice: idan kuɗin gyaran fili ya samu a kowace makaranta tamu, komai yawansa komai ƙanƙantarsa, a fara binne shi a ƙasa. A daidaita filin, a yi masa hanyar ruwa, a samar da abin ba shi ruwa da rani, a ɗauki wanda zai kula da shi kullum. Rumfa da fenti da ƙofa mai ado su bi layi a baya.

Mu a nan akasin haka muka saba gani, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rumfa ana yanka mata kirtani, a ɗauki hoto, a manna allo da sunan wanda ya buɗe. Bututun da aka binne a ƙarƙashin ciyawa kuwa babu mai ganinsa balle ya tafa. Shi ya sa za ka shiga makaranta ka tarar da wurin zaman manya ya sha fenti, amma gaban raga ya zama kwari, tsakiyar fili jar ƙasa ce da tsakuwa, gefe kuma ga suri ya fara tasowa. Shugabanni suna zama a rumfar nan sau biyu ko uku a shekara. Ɗalibai suna taka ƙasar nan kowace yamma.

Mu 'yan Minna bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani ba, don mun gani a gida. Niger Tornadoes ƙungiya ce mai tarihi: ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 2000 bayan ta doke Rangers ta Inugu, ta sake kaiwa wasan ƙarshe a 2017, inda Akwa United ta cinye ta a bugun fenareti a Legas. Amma wannan ƙungiya ta yi kakannin wasa tana karɓar baƙinta a Lakwaja, daga baya kuma a Kaduna, saboda filin Bako Kontagora bai cika sharuɗɗan masu shirya gasar ba. Wasan gida a garin wasu. Magoya baya suna Minna suna bin sakamako a rediyo da waya, masu sayar da ruwa da rake a bakin fili sun rasa kasuwa.

Idan kuma kana ganin matsalar ƙaramin gari ce, leƙa Abuja. Filin wasa na ƙasa na Moshood Abiola ya lalace har sai da Aliko Ɗangote ya ɗauki nauyin sake shimfiɗa masa ciyawa. A can aka buga wasan nan da Ghana ranar 29 ga Maris, 2022, wanda ya hana mu zuwa gasar cin kofin duniya ta Katar. Ba a jima ba aka koma kukan lalacewar ciyawar, manyan wasannin Super Eagles suka tattara suka koma Uyo. Filin da ke da kujeru kusan dubu sittin ke nan fa. Kujerun suna nan daram, abin da ya gagara shi ne raya ciyawa. To idan gwamnatin tarayya da kuɗin Ɗangote sun sha wuya a nan, ƙaramar makaranta da ke shirin zuba duk abin da ta samu a kan siminti ya kamata ta tsaya ta yi lissafi.

Bari mu yi lissafin tare. Cikakken filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68, wato murabba'in mita 7,140. Ruwa mai kaurin milimita ɗaya kacal a kan wannan faɗi ya kama lita 7,140. A zafin Maris da Afrilu na Minna, a ce ciyawa ta sha milimita biyar a rana ba a yi almubazzaranci ba. Ya zama lita dubu talatin da biyar da 'yan kai, kullum. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sama ba ta ba ka komai, sai hazo da iskar hunturu. Duk wanda ya ce zai shuka ciyawa bai faɗi inda rijiyar burtsatse take ba, da tankinta, da solar da za ta tayar da famfo, wallahi shirin asarar kuɗi yake yi. Ciyawar za ta yi kore ranar buɗewa, kafin ƙarshen zango ta zama harawa.

Damina kuma nata salon daban. Agusta da Satumba ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa, kuma filin da ba a ɗan tudunta tsakiyarsa ba, ba a yi masa magudana a gefe ba, tafki yake zama. A buga wasa biyu a kansa yana jiƙe, takalma su kwaɓe shi, rana ta fito ya bushe da ramukan a jiki. Waɗannan ramukan su ne ke jiran idon sawun wani a watan Disamba.

Na san za a ce to a sa ciyawar roba mana, a huta. Roba tana da amfaninta, musamman inda mutane da yawa ke taka fili ɗaya. Sai dai ita ma ba hutu ba ce. Tana da tsada, kayanta da dala ake sayowa, tana buƙatar shara da ƙarin garin robar da ake barbaɗa mata, kuma bayan shekara takwas zuwa goma sai an ɗaga ta an sa sabuwa. Ga zafi: wanda ya taɓa taka ta da azahar ya san yadda take gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi. Idan makaranta ba ta da tsarin tara kuɗin canji tun daga ranar farko, nan da shekara goma tsumma za a gada. Ni da za a bi tawa, babban fili a bar shi da ciyawar kiri-kiri da ta saba da ƙasarmu kuma take jure taku, robar a sa ta a ƙananan filaye na 'yan biyar-biyar kusa da ɗakunan kwana, don a rage wa babban nauyi.

Abin da ya fi damuna a duk zancen nan shi ne jikin mutane. A wani fili da ba sai na ambaci suna ba, na ga yaro ɗan aji biyu ya taka rami yana gudu, gwiwa ta juya, aka ɗauke shi a babur. Ranar aka yi ta jajantawa, washegari aka ci gaba da wasa a kan ramin. Targaɗe mai ɗori zai iya da shi. Tsinkewar jijiyar gwiwa kuwa sai hoto mai tsada da aiki a babban asibiti, sannan watanni ana ɗingishi zuwa lacca. Kuɗin nan daga aljihun uban da ya sayar da buhun masara ya biya rajista zai fito. Babu rumfar da ta taɓa hana wannan.

To ina kuɗin zai fito? Mu fara da wanda muka riga muka biya. Ku ɗauko takardar rajistarku ku duba, a yawancin makarantu akwai layin kuɗin wasanni. Misali kawai nake bayarwa: makaranta mai ɗalibai dubu ashirin, kowa ya ba da naira dubu ɗaya, miliyan ashirin ke nan a shekara. Wannan ba zai gina sitadiyam ba, ko kusa. Amma zai biya ma'aikata biyu masu kula da fili, ya sayi injin yankan ciyawa da mansa, da taki, da raga, da akwatin agajin gaggawa mai kaya a ciki, har a rage na mota. Ban ce wani ya ci ko sisi ba. Cewa na yi wanda ya biya yana da haƙƙin ya ga takarda ɗaya a ƙarshen shekara: ga abin da ya shigo, ga inda ya tafi. Wannan aikin daraktan wasanni na ƙungiyar ɗalibai ne ya nema, cikin ladabi, a rubuce. Muƙamin ya wuce raba riguna ranar wasan ƙarshe.

Manyan ayyuka kuma kowa TETFund yake kallo. Asusun nan da dokar 2011 ta kafa daga harajin ribar kamfanoni yake samun kuɗi, harajin da ya tashi daga kashi 2 cikin ɗari zuwa 2.5, sannan 3 a 2023. Amma layin masu jira dogo ne: ɗakunan lacca, ɗakunan gwaji, laburare, karatun malamai. Kuma irin wannan kuɗi na gini ne, ba ya biyan albashin mai ban ruwa. Haka tsofaffin ɗalibai da bankuna da 'yan siyasa, kowa abin da zai ɗauki sunansa yake so ya gina. Ba laifi, a karɓa a yi godiya. Sai dai a sa sharaɗi: duk mai son sunansa a jikin rumfa ya haɗa da kuɗin kula da fili na shekara biyar, a asusu na daban.

Akwai kuma arzikin da muke zaune a kansa. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da masu karatun safiyo, da injiniyoyin gine-gine, da masu ƙididdigar kuɗin gini, da masu nazarin ƙasar noma, da masu ilimin shuka. Kowace shekara ɗaruruwan ɗalibai na neman abin da za su yi furojet a kai. Auna gangaren fili furojet ne. Gwajin ƙasarsa furojet ne. Zana magudana, lissafin famfo da sola, gwada wace ciyawa ta fi jure rani a Gidan Kwano ko Bosso, duk aikin digiri ne, wasu ma har na biyu. Mu da ke wannan mataki mun san yawan kundayen da ke shan ƙura a kanta bayan an kare su. Da ɗaya daga cikinsu ya zama fili mai kyau, ai an ci riba biyu. Kwalejin Ilimi ta jiha ma tana nan cikin gari, za a iya yi tare.

Yanzu wasannin share fagen kansu. Mun mayar da su abin wasa: a kira koci da daddare a ce gobe akwai wasa, yaran da suka yi wata biyu suna kwance a gida su fito su buga minti casa'in a kan busasshiyar ƙasa. Amfanin wasan share fage shi ne a dawo da jiki a hankali, a gwada sababbi, a gane wa ya iya wane gurbi. Ƙwararrun ƙungiyoyi ma sai sun yi makonni suna atisaye kafin su shiga irin gasar Ahlan da ake yi a Kano gabanin kaka. Mu da muka fi su rauni mu ne muke tsallake matakin. Ga jadawalin karatu da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya hargitsa komai har da lokacin wasa.

Kuma ba sai an je nesa ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ɗaukar motar 'yan wasa zuwa Zariya ko Jos ya zama babban lissafi. Amma a cikin jihar Neja akwai jami'ar IBB a Lapai, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bida, da ta jiha a Zungeru, ga makarantun Minna. A tsara zagaye na mako uku kafin kowace babbar gasa, a je a dawo a yini ɗaya, kowa ya karɓi baƙi sau ɗaya. Wanda zai karɓi baƙi dole ya cike ramukansa, ya ja layi, ya tanadi ma'aikacin lafiya a bakin fili. Kunyar baƙo tana sa a yi gyaran da takardar koke ba ta sa ba. Kuma kar a raina mu: a gasar HiFL ta manyan makarantu da aka fara a 2018, jami'ar noma ta Makurɗi ce ta fara ɗaukar kofi, Jami'ar Maiduguri ma ta ɗauka a 2021. Ƙafafun suna nan a Arewa.

Masu cewa ruwa da wuta da gado sun fi ƙwallo, ban musa muku ba, ni ma bokitin nake ɗauka. Shi ya sa ban goyi bayan sitadiyam ba. Amma rijiyar da za ta shayar da fili da daddare za ta iya ba ɗakunan kwana ruwa da safe, idan an tsara ta haka tun farko. Fitilun sola a gefen fili kuma sun fi kujerun alfarma amfani nesa ba kusa ba, domin duk wasanmu tsakanin la'asar da magariba yake cushe, awa biyu ga dubban mutane. A wannan cunkoso 'yan uwanmu mata ko kusa da fili ba sa samu. Da akwai haske, da an ware musu lokacinsu, ko gudu ne su yi cikin natsuwa.

Abu na ƙarshe, kuma kyauta ne: a daina kafa rumfunan biki a tsakiyar fili, a daina shigar da motoci, a daina koyon tuƙi a kai ranar Lahadi. Turakun kanofi ɗaya suna barin ramukan da za a yi wata ana cikewa. Waya mai arha da ƙofa mai kwaɗo sun isa.

Zaɓen ƙungiyar ɗalibai na zuwa a makarantu da dama. Ranar da 'yan takara za su karanta manufofinsu, idan mai neman kujerar wasanni ya fara alƙawarin sababbin riguna da kofi mai tsawo, wani ya ɗaga hannu ya tambaye shi: wa ke ba filinmu ruwa a watan Fabrairu, kuma nawa ake biyansa?