SHARHI: Tsaron coci-coci a Najeriya: An tsare ƙofar shiga, an manta da ta fita

A ranar Lahadi 5 ga watan Yunin 2022, ana dab da kammala ibada a cocin Katolika na St. Francis Xavier da ke Owo a Jihar Ondo, 'yan bindiga suka buɗe wuta kan masu ibada tare da jefa abubuwan fashewa. Aƙalla mutum 40 ne suka rasu. Kafin la'asar, likitoci a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke garin sun shiga roƙon jama'a su zo su ba da gudummawar jini, domin wanda ke ajiye ba zai ishi waɗanda aka kwaso ba.

Tun daga lokacin, muhawara ta fi karkata kan su wane ne maharan da kuma yadda suka samu shiga. Gwamnatin Tarayya ta ɗora alhakin harin kan ƙungiyar ISWAP, kuma sai a watan Agustan 2025 hukumar DSS ta gurfanar da mutum biyar a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Abin da ba a cika tattaunawa a kansa ba shi ne abin da ya faru tsakanin harbin farko da isar waɗanda suka jikkata asibiti, alhali a cikin waɗannan mintuna ne ake rasa rayuka da dama da za a iya cetowa.

Tsaron da aka gina a bakin ƙofa

Salon tsaron da coci-coci ke bi a yau ya samo asali ne daga zamanin hare-haren bam na Boko Haram. Ranar Kirsimetin 2011, wata mota maƙare da bam ta tarwatse a gaban cocin St. Theresa da ke Madalla a Jihar Neja, ta hallaka sama da mutum 35. A shekarar 2012 an kai makamantan hare-haren kan masu ibada a Jami'ar Bayero ta Kano, da coci-coci a Zariya, da cocin St. Rita da ke Malali a Kaduna.

Martanin da ya biyo baya ya dace da barazanar wancan lokaci. An jera durom-durom cike da siminti, an datse tituna ranar Lahadi, an hana ajiye motoci kusa da gini, an sayo na'urar binciken jiki, wasu wuraren ma an hana shiga da manyan jakunkuna. Matasan Boys' Brigade da masu kula da tsari suka koma masu gadi. Masallatai ma sun bi sahu, musamman bayan harin Babban Masallacin Juma'a na Kano a ranar 28 ga Nuwamban 2014, inda fiye da mutum 100 suka rasu.

Sai dai idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Na'urar binciken jiki na iya tsayar da mutum ɗaya mai ɓoye bam a cikin riga, amma ba ta da tasiri a gaban gungun mahara masu manyan bindigogi. An ga haka a ranar 18 ga Nuwamban 2025 a garin Eruku na Jihar Kwara, lokacin da 'yan bindiga suka kutsa cocin Christ Apostolic ana tsaka da watsa ibada kai tsaye ta intanet, suka yi kisa, suka kuma tasa ƙeyar mutum 38 zuwa daji.

Akwai kuma wata illa da wannan salo ya haifar. Domin a samu sauƙin bincike, wurare da yawa sun kulle sauran ƙofofi sun bar guda ɗaya, sun kuma liƙa wa tagogi ƙarafa. Ginin da aka tsara don kada mugu ya shiga ya zama ginin da ɗaruruwan mutane ba za su iya ficewa daga cikinsa da sauri ba, ko da gobara ce ta tashi.

Mutuwar da babu bindiga a cikinta

Wani ɓangare mai yawa na rayukan da aka rasa a tarukan coci ba shi da alaƙa da ta'addanci. A ranar 28 ga Mayun 2022, mutum 31 suka mutu a turmutsitsin rabon kayan tallafi da cocin Kings Assembly ya shirya a filin wasan Polo na Fatakwal. A ranar 21 ga Disamban 2024, mutum 10, ciki har da yara huɗu, suka rasu a harabar cocin Holy Trinity da ke Maitama a Abuja, inda mabuƙata suka yi dafifi tun kafin gari ya waye. A wannan rana wasu 22 suka mutu a wani rabon shinkafa a Okija ta Jihar Anambra.

Yawancin masu mutuwa a turmutsitsi matsi ne ke hana ƙirjinsu buɗewa, su kasa numfashi suna tsaye. Yakan faru ne idan an tara jama'a masu yawa a bayan ƙofa guda, sannan aka buɗe ta lokaci ɗaya. Matakan kariyar ba su da tsada: raba kati tun kafin ranar, karkasa mutane rukuni-rukuni, bambanta hanyar shiga da ta fita, ko kai kayan unguwa-unguwa. A halin tsadar rayuwa da ake ciki, duk mai shelar raba abinci kyauta ya kamata ya san cewa taron zai ninka abin da ya ƙiyasta.

Gine-ginen kansu ma abin dubawa ne. A watan Satumban 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Legas ya rushe, mutum 116 suka mutu, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu, kuma binciken da aka gudanar ya gano cewa an yi ginin ba tare da izini ba. A watan Disamban 2016 rufin cocin Reigners da ke Uyo ya rufta kan jama'a, gwamnan jihar na lokacin, Udom Emmanuel, yana cikin waɗanda suka tsira.

Mintuna biyar na farko

Mutumin da harsashi ya tsinka wa babbar jijiya zai iya mutuwa cikin kimanin minti biyar idan ba a tsayar da jinin ba. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa na fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida. Babu motar asibitin da za ta iso a wannan ɗan lokaci, ko a Abuja, balle a ƙauyukan Kajuru ko Mangu. Ma'ana, makomar majinyacin tana hannun wanda ke zaune kusa da shi.

Danne rauni da ƙarfi, cusa masa ƙyalle mai tsafta, ɗaure hannu ko ƙafa a saman raunin, da danna ƙirjin wanda numfashinsa ya ɗauke, duk abubuwa ne da ake koya cikin yini ɗaya ko biyu, kuma ƙungiyar Red Cross ta Najeriya na koyar da su. Kusan kowane babban coci yana da ma'aikatan jinya, ungozomomi ko tsofaffin sojoji a cikin mabiyansa. Abin da aka rasa shi ne tsari: wa zai kira lambar gaggawa ta 112, motar wa za ta ɗauki majinyaci, wane asibiti ne ke da ɗakin tiyata da jini ranar Lahadi, wa zai fitar da yaran makarantar Lahadi da tsofaffi. Hatta a ranar da babu hari, faɗuwar mai hawan jini ko naƙudar ba-zata na buƙatar irin wannan shiri.

Doka ma tana bayan masu taimako, kodayake kaɗan ne suka sani. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Dokar kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta wajabta wa asibitocin gwamnati da masu zaman kansu su fara magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin kafin alƙalami ba, ta kuma hana a muzguna wa wanda ya kawo majinyacin. Duk da haka, har yanzu ana samun rahotannin mayar da majinyata daga bakin ƙofar asibiti.

Inda nauyin gwamnati yake

Shirin agajin gaggawa ba zai sauke wa gwamnati nauyin da tsarin mulki ya ɗora mata ba. Bayan Shugaban Amurka Donald Trump ya sake sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake zargi da tauye 'yancin addini, da kuma sace-sacen da suka biyo baya, Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan tsaro a ƙarshen Nuwamban 2025, ya kuma shawarci masallatai da coci-coci su riƙa neman kariyar jami'an tsaro. To amma 'yan sandan da ba su kai 400,000 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba za su iya tsayawa a ƙofar kowane wurin ibada ba. Kiran a ɗauki makami kuwa, baya ga cin karo da dokar mallakar bindiga, zai iya ƙara rura wuta a yankunan da tuni ake zaman doya da manja.

Abin da ke hannun gwamnatocin jihohi a yanzu shi ne tilasta bin ƙa'idar gini da yawan ƙofofin fita, wajabta tsarin kula da cunkoso kafin kowane rabon tallafi, hukunta asibitin da ya karya dokar 2017, da faɗaɗa shirin motocin agajin gaggawa na NEMSAS zuwa ƙananan hukumomi. Ƙungiyar CAN da Jama'atu Nasril Islam kuwa suna da ma'aikata a ƙasa, domin 'yan agajin masallatai da matasan coci suna aiki iri ɗaya a unguwa ɗaya. Idan aka horas da su tare, masu tsaron titi ranar Juma'a za su iya kai ɗauki ranar Lahadi, na Lahadi su rama ranar Juma'a.

Hausawa na cewa tun ranar gini tun ranar zane. Cocin da ya kashe kuɗi kan katanga da kyamarori, amma bai taɓa gwada minti nawa zai ɗauka kafin kowa ya fice daga cikinsa ba, rabin aikin kawai ya yi.