Jan Kunne Ga Masu Ba Kwamfuta Umurni

Yau ina so in ja kunnen samarinmu masu koyon ba kwamfuta umurni a baƙin allon nan da ba a danna hoto, sai rubutu. Ku sani sunan folda ɗaya ne, amma kowace na'ura da irin karatun da ta ke yi masa.

Asalin abin kuwa tsoho ne. Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka cikin 1969, da sanda mai jingina gaba, watau /, ya ke raba sunan folda da na wadda ke cikinta, Linux da Mac suka gaje shi. Da MS-DOS ya sami folda cikin 1983, sai aka tarar an riga an ba wannan sanda wani aiki, aka ɗauko mai jingina baya, watau \, ga shi har yau Windows na bisa wannan.

Wannan mai sauƙi ne, ido na ganinsa. Wanda ba a lura da shi shi ne babban baƙi da ƙarami. A Linux, Kano dabam, kano dabam. Windows kuwa bisa al'adarsa ɗaya ya ɗauke su.

To, ga inda ya shafe mu mu Hausawa. In ka sa wa folda suna Ma'aikata, ka rubuta cd Ma'aikata a cmd na Windows, sai ta buɗe. Rubuta haka a bash na Linux, sai ya ɗauka hamzar nan buɗe zance ce, ya tsaya yana jiran ka rufe, kai kuwa kana tsammani na'ura ta lalace.

Mafi haɗari shi ne fili tsakanin kalmomi. Wanda ya ce wa bash rm -r Hotunan Makaranta, abu biyu ya umurta a shafe, Hotunan da Makaranta. In akwai wata folda mai suna Makaranta a wurin, ta tafi ke nan da abin da ke cikinta duka, ba kuwa kwandon shara da za a je a tono ta.

Saboda haka ni dai shawarata, kowane suna mai fili ko hamza a kewaye shi da alamun zance masu baki biyu, kamar "Hotunan Makaranta", gama bash da cmd da PowerShell duk sun yarda da wannan. Kafin a shafe kuma, a rubuta ls ko dir da sunan, a ga abin da na'ura ta fahimta tukuna.