Majiya: Ku Daina Cewa Kwaɗayi Ne Kawai

A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta kife a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu. Tun kafin a gama zaman makoki, masu sharhi a Facebook suka yanke hukunci: kwaɗayi da jahilci. Wannan hukunci zalunci ne ga mamatan, kuma ba zai hana irin haka sake faruwa ba.

Wa bai san fetur na kama wuta ba? Abin tambaya shi ne me ke kai wanda ya sani bakin tanka.

A 1978 masanin zamantakewa Mark Granovetter na Amurka ya nuna cewa kowa yana da adadin mutanen da sai ya ga sun shiga abu kafin ya bi. A ce mutum ɗari ne. Na farko ba ya jiran kowa, na biyu yana jiran mutum ɗaya, na uku yana jiran biyu, haka har na ƙarshe. Dukkansu za su shiga. Amma da na biyu zai dage sai ya ga mutum biyu, na farko zai tsaya shi kaɗai. Halin mutum guda ne ya raba gari lafiya da makabarta. Tsadar man da a lokacin ta kai lita naira 1,000 kuwa ta rage wa kowa haƙurin jira.

Gwajin Damon Centola na 2010 ya ƙara haske: labari kan yaɗu ta baki ɗaya, amma ɗabi'a ta fi kamuwa idan mutum ya gan ta wurin makusanta da yawa. Sanarwar rediyo daga Dutse baki ɗaya ce. Duk ƙasar ta ji labarin Majiya, amma a Janairun 2025 aka maimaita shi a Dikko ta jihar Neja.

Don haka gwamnatin Jigawa ta nemi mutum na biyu. A kowane gari na bakin titi a horar da limami, mai unguwa, shugaban 'yan acaɓa, mai shayi da jami'in tasha, waɗanda matasa ke jin kunyarsu. A haɗa su a waya, su san aikinsu a mintunan farko: su tare hanya tare, su kira kowane yaro da sunansa.

Allah ya jiƙan mutanen Majiya.