Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Kwamfutar Gida da Manhajar Leƙen Asiri

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce jawo hankalin malamanmu da 'yan'uwana ɗalibai ga wani ɓarawo wanda yake shiga gida ba tare da haura katanga ba, watau manhajar leƙen asiri. Ita wannan manhaja takan maƙale cikin kwamfuta ba da sanin mai ita ba, tana naɗar duk abin da aka buga, kamar kalmar sirri da lambar katin banki, sa'an nan ta aika wa ubangidanta ta intanet. Wata ma har kyamara takan kunna, ta riƙa kallon mutanen gida.

Ra'ayina shi ne, galibi mu ne muke buɗe mata ƙofa da hannunmu. Mutum ya sayi kwamfuta ta hannu, sai ya kai wa mai gyara ya loda masa manhajojin sata, waɗanda aka ɓalle wa makulli domin a yi aiki da su kyauta. To, wanda ya iya ɓalle makullin, me zai hana shi cusa ɗan leƙensa a ciki? Haka kuma ɗalibi yakan kai filashinsa shagon buga takardu, ya dawo ya soka shi a kwamfutar gida bai bincika ba. Wani kuwa saƙo za a aiko masa wai ya ci kyauta, ya yi wuf ya latsa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Gaskiya ne akwai lokacin da laifin ba na mai kwamfuta ba ne. A shekarar 2005 an gano cewa kamfanin Sony BMG ya sayar da fayafayan waƙa masu dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfuta, a 2015 kuma aka sami manhajar Superfish cikin wasu sababbin kwamfutocin Lenovo. Amma waɗannan sun fito fili, duniya ta yi ca, an kuwa gyara. Ɓarnar da muke jawo wa kanmu babu mai gyara mana ita sai mu.

Wani zai ce manhajar asali tsada gare ta, ɗalibi bai iya saye. Wannan uzuri ba ya kama hankali, domin LibreOffice kyauta ce kuma halal, tana buga kundin digiri tsaf. Har ila yau Windows 10 da 11 suna zuwa da maigadinsu, watau Microsoft Defender. Abin takaici, sau da yawa sai an kashe shi kafin manhajar sata ta zauna. Ke nan an sallami maigadi domin ɓarawo ya sake.

Saboda haka ina ba da shawara huɗu. Da farko, a riƙa sabunta kwamfuta, domin sabuntawa ita ce toshe ɓarakar da ɓarawo ke bi. Kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 tun Janairun 2020, don haka bai kamata a shiga banki da ita ba. Na biyu, kada a ɗauko manhaja sai daga wurin masu ita. Na uku, a buɗe wa yara nasu sashen dabam, wanda ba shi da ikon sa sabuwar manhaja. Na huɗu, in an yi zargin ɗan leƙe ya shiga, a cire intanet, a canja kalmomin sirri daga wata na'ura dabam, sa'an nan a wanke kwamfutar.

A ƙarshe, mu tuna cewa kwamfutar gida ta zama adakar sirrin iyali: hotunan mata da 'ya'ya, takardun jarrabawar malami, da binciken da ɗalibi ya yi shekaru yana tarawa. Wanda duk ba zai ba baƙo mabuɗin ɗakinsa ba, bai kamata ya ba shi na kwamfutarsa ba. Allah ya sa mu gane, amin.