Ƙanzo a Cikin Tabar Lantarki: A Wanke ko a Jefar?

Tabar lantarki ta fara shigowa garuruwanmu. Samarin da suka dawo daga bida ne suka fara zuwa da ita, yanzu kuma ana ganinta a shagunan birni kusa da batir da kayan salula. Wanda ya saye ta, ba ya yin wata guda sai ta fara canja masa. Ɗanɗanon ya koma na ƙonanniyar auduga, tururin ya ragu, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Daga nan sai abokai su fara ba da dabaru: wani ya ce a jiƙa a ruwan zafi, wani ya ce a kankare da allura, wani ya ce a kunna ta babu ruwa har ƙarfen ya yi ja, dattin zai ƙone.

Ra'ayinmu a wannan magana shi ne, tanki ana wanke shi, amma abin da ke yin zafi a cikinsa, in ya ƙone, jefar da shi ake yi. Kuma ko an sa sabo, wannan bai mai da tururin iska mai tsabta ba.

Wanda ya san fitilar ƙwai zai gane yadda abin yake aiki. A cikin tanki akwai wani ɗan murhu, bai kai kan ɗan yatsa ba. Masu sayarwa a Yamai suna ce masa "rezistans", na Kano kuma "koyil". Cikinsa akwai siririn zaren ƙarfe murɗaɗɗe, ko ɗan raga na ƙarfe, an kewaye shi da auduga. Audugar ita ce lagwani: tana tsotso ruwan taba daga tanki ta kawo wa ƙarfen. In an danna, batir ya aika wuta, ƙarfen ya yi zafi kamar digiri 200 ko fiye, ruwan ya zama tururi, mutum ya zuƙa. Ƙarfen haɗi ne. Wani na baƙin ƙarfe da kuromiyom da alminiyom, wani na nikel da kuromiyom, wani kuma irin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Ruwan kuwa gilisarin ne da wani ruwa mai kama da shi, da nikotin, da kayan ƙamshi da na zaƙi.

Duk matar da ta taɓa mance tukunya a kan wuta ta san ƙanzo. Haka yake faruwa a wannan ɗan murhu. Kowane zuƙa yana barin ɗan saura a jikin ƙarfe, musamman in ruwan mai zaƙi ne sosai, irin mai ɗanɗanon mangwaro ko alewa da samari suka fi so. Sauran yana taruwa, ya yi baƙi, ya daskare, ya toshe audugar. Audugar da ta toshe ba ta jawo ruwa da kyau, sai ƙarfen ya yi zafi a kan abu busasshe. Ga mai sha kullum, ɗan murhun yakan kai sati ɗaya zuwa biyu kafin haka ta faru. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi: abu ne mai ƙarewa, kamar lagwanin fitila.

To, me ke cikin wannan ɗanɗanon ƙuna? Gilisarin in ya sha zafin da ya wuce kima yakan rikiɗe ya ba da wasu abubuwa masu guba. Ɗaya shi ne akrolin, abin nan da ke sa idon mai tuyar ƙosai hawaye in mai ya ƙone a kasko. Wani shi ne formol, wanda ake adana gawa da shi, kuma hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa mutum ciwon daji. Mai ƙosai in hayaƙi ya turnuƙe ta tana kau da fuska. Mai tabar lantarki kuwa da bakinsa yake jawo shi har cikin huhu, yana cewa bari dai ya lallaɓa zuwa ranar kasuwa.

Wankewa ba ta gyara wannan. Ruwan zafi yana iya narkar da ƙanzon da ke sama, ɗan murhun ya ƙara kwana biyu ko uku, in an bar shi ya bushe sarai, yini da kwana. Amma audugar da ta riga ta ƙone ta ƙone, ruwa ba ya mayar da ita fara. Kankarewa da allura tana karce ƙarfen, ta yaga audugar. Mafi muni ita ce dabarar kunnawa babu ruwa har ƙarfe ya yi ja. Wannan dabara ta fito ne daga masu naɗa nasu zaren ƙarfen da hannu, waɗanda sukan zare audugar tukuna, su ƙona ƙarfen kaɗan, sannan su sa sabuwar auduga. A ɗan murhun da aka sayo a rufe, audugar tana ciki, ba a fitar da ita. Wanda ya kunna shi a bushe, audugar yake toyawa, kuma ita zai zuƙa daga baya.

Kada kuma a kusantar da kalanzir, ko man mota, ko omo, ko turare da ɗan murhun nan. Auduga tana riƙe duk abin da ta sha, wuta kuma ta mai da shi tururi. Haka nan kada a zuba wa tanki wani abu daban don ruwa ya ƙare, ko zuma, ko mai, ko maganin gargajiya. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, mutum fiye da 2,800 aka kwantar a asibiti da ciwon huhu, 68 suka mutu. Bincike ya gano cewa yawancinsu sun zuƙi ruwan tabar wiwi da aka gauraya da wani mai na bitamin E. Wannan mai ana shafa shi a fata ba ya cutarwa, amma huhu ba a yi shi don karɓar mai ba.

Ga wanda ya riga ya mallaki abin kuma bai bari ba tukuna, akwai kulawar da ta dace. A kwance tanki, a cire ɗan murhun a ajiye gefe, a wanke gilashin da bakin zuƙa da ruwa mai ɗumi, mai tsabta irin na sha, a bar su su bushe a inuwa inda ƙura ba ta kai. In za a sa sabon ɗan murhu, a ɗiga wa audugarsa ruwan taba, a cika tanki, a jira minti biyar zuwa goma kafin a danna. Kada a bar tanki ya ƙafe. Da zarar an ji ƙauri, a tsaya.

Ruwan da aka yi wankin da shi yana da nikotin, tsohon ɗan murhun ma haka. Nikotin yana shiga jiki ta fata, kuma ɗan kaɗan na ruwan kwalba ya isa ya kwantar da ƙaramin yaro, har ya kashe shi. Kwalbar tana ƙamshin alewa, yaro bai san bambanci ba. Don haka ba a wankin a kwanon abinci, ba a zubar da ruwan a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ba a jefa tsohon ɗan murhu a juji inda za su tsinta su sa a baki.

Wani zai ce, to shi ke nan, in ina canja sabo kullum na tsira. A wani bincike da aka wallafa a 2018, masana a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka karɓi tabar lantarki daga hannun mutum 56 masu shanta kullum. Suka auna ruwan kwalba, da ruwan da ya zauna a tanki, da tururin. Ruwan kwalba ba shi da ƙarfe sosai. Amma ruwan da ya taɓa zaren ƙarfe, da tururin da ya fito, an sami dalma da kuromiyom da nikel da manganis a cikinsu, a wasu har ya wuce iyakar da hukumomi suka yarda mutum ya shaƙa. Abin da ya fi ɗaukar hankali, tururin waɗanda suka fi yawan canja ɗan murhu ya fi na sauran ƙarfe. Tsoho yana ba da ƙauri, sabo yana ba da ƙarfe.

Sai mu faɗi abin da ke wancan ɓangare kuma, don gaskiya ce. Tabar lantarki ba ta ƙona ganye, saboda haka ba ta da kwaltar nan ta sigari. Likitocin Ingila suna ba manya masu shan sigari shawarar komawa gare ta don su bari, kuma akwai bincike mai ƙarfi da ya nuna ta taimaki wasu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙarshen 2023, ta ce ba a nuna tana rage shan taba a cikin al'umma gaba ɗaya ba, ta kuma yi kira a kare yara daga gare ta. Amma ko mun ɗauki maganar Ingila, sai mu duba inda muke. Can ɗan murhu yana shagon bakin titi, kwalba tana da rubutun abin da ke ciki, hukuma tana dubawa. Nan sai an jira mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ko Kano, in ya samo ma wataƙila ba irin na tankinka ba ne, kwalbar kuma ta kwana a zafin watan huɗu cikin shagon kwano. Shi ya sa mutanenmu suke wankewa suna ƙonawa. Abin da aka ƙera don a canja shi duk sati biyu, mu muna tilasta masa wata uku.

Wanda ba zai iya samun sabon ɗan murhu a kan lokaci ba, bai kamata ya dogara da wannan abu don barin sigari ba. Ya zo gidan likita a zauna da shi a kan wata hanya. Wanda bai taɓa shan sigari ba kuwa, babu abin da zai samu a ciki sai kamun nikotin da kashe kuɗi. Mai shan maganin tarin fuka, da mai asma, da mace mai ciki, da yaro mai tasowa, kada su taɓa ta, ko sabuwa ko tsohuwa, kada kuma a busa ta a ɗakin da suke kwana.

In mai shanta ya fara tari da ba ya tsayawa, ko numfashi yana yanke masa, ko ƙirji yana ciwo tare da zazzaɓi, ya zo da wuri, kuma ya faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa yana shanta, don da yawa in an tambaye su ko suna shan taba sai su ce a'a. In yaro ya sha ruwan, ko ya tsotsi tsohon ɗan murhu, yana amai ko dalala ko jikinsa yana rawa, kada a sa shi amai da ƙarfi, kada a tsaya ba shi nono ko mai. A kawo shi nan take, a zo da kwalbar.