An Miƙa Masa Makulli, An Hana Shi Takarda

A garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo, ranar da aka ce wane ya kama tirela rana ce ta barka. A Lafagu, ko Illo, ko Lolo, ko Tsamiya, saurayi kan shekara biyar ko shida yana yaron mota. Shi ke sa waji a ƙarƙashin taya, shi ke ɗaure tamfol, shi ke kwana a gindin mota yana gadin kaya, shi ke dafa wa maigidansa shayi a tasha. Ranar da mai mota ya kira shi ya miƙa masa makulli, gida kan cika da 'yan taya murna. Abin da ake faɗa masa bai wuce kalmomi kaɗan ba: "Ga amana nan, yaro, ka riƙe ta da tsoron Allah." Shi kuma ya rusuna ya ce, "In Allah ya yarda, Alhaji." Da haka aka gama ɗaukar aiki.

Ba a rubuta nawa ne albashinsa ba. Ba a rubuta wa zai biya idan taya ta fashe a dajin Kontagora ba, ko awa nawa zai yi a kan sitiyari kafin ya kwanta, ko abin da iyalinsa za su samu idan gawarsa aka dawo da ita. An ɗora masa dukiya ta miliyoyin naira da rayukan duk wanda zai gamu da shi a hanya, an bar shi da fatar baki. Wannan ɗabi'a zalunci ce, ko da an lulluɓe ta da sunan amana, kuma kaso mai tsoka na jinin da ke zuba a titunan Arewa daga nan yake tasowa.

Darajar wanda aka raina

Jihar Kebbi ba ta da layin dogo. Duk buhun shinkafar da ya bar fadamun Kwara, duk albasar Aliero, duk saniyar da za a yanka a Legas, a bayan babbar mota suke tafiya. Direban da ya taso daga yankin iyaka zai haye gadar Tuga, ya kama hanyar Koko, ya bi ta Yawuri da Kontagora da Mokwa, ya tsallake Kwara a Jebba kafin ya shiga Ilori. A ɗaya gefen iyakar ma haka abin yake: layin dogon Benin ya taso daga Kwatano ya tsaya a Parakou, don haka kayan da za su Malanville da Gaya sai mota ta ɗauke su.

Wanda ke shakkar nauyin wannan sana'a ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021, lokacin da dillalan abinci da dabbobi na Arewa suka tsayar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin kwanaki kaɗan tumatir da albasa da nama suka yi tsada a Legas. Motoci ne kawai suka tsaya, ƙasa ta ji a jikinta.

Duk da haka, a bakin ɗan boko direban tirela jahili ne, ɗan ƙwaya, mai tare hanya. Yaron da ke koyon aikin kuwa sunan da aka laƙaba masa shi ne karen mota. Kakannin mutanen Illo ba haka suka ɗauki mai jigilar kaya ba. Ta wannan yanki ne ayarin fataken goro ke ratsawa zuwa Gwanja, tun kafin Ingila da Faransa su raba ƙasar Borgu a yarjejeniyar 1898. Ayarin yana da madugu, yana da jagaba, yana da uban dawaki, kowa da aikinsa sananne, kuma madugu mutum ne da sarakuna ke zama da shi su yi ciniki a kan kuɗin fito da kariya. Direban yau magajin madugu ne a aiki, amma an kwashe darajar an bar masa haɗarin.

Lissafin da ke hana barci

Idan tirela ta kife, tambayar da ake yi ita ce me direba ya sha. Tambayar da ta fi dacewa ita ce yaya ake biyansa. A galibin motocin da ɗaiɗaikun 'yan kasuwa suka mallaka, albashin wata kaɗan ne ko babu shi. Abin da direba ke rayuwa da shi shi ne rarar kuɗin hanya. Mai mota kan ƙiyasta kuɗin gas, da na shingaye, da na abinci, ya damƙa masa a dunƙule. Abin da ya rage nasa ne, abin da ya gaza kuma bashi ne a wuyansa.

Daga wannan lissafi komai ke biyowa baya. Direban da ake biya da yawan sawu zai ga barci asara ne. Wanda rarar gas ce ribarsa zai saki mota babu giya a gangara don ya rage shan mai, alhali a lokacin ne birki ya fi bukatar taimakon inji. Wanda shingaye suka cinye kuɗin hanyarsa zai ɗora fasinjoji a saman buhuna ko a kan shanu, kuma irin wannan lodi ne ke sa haɗari guda ya kashe mutum ashirin ko talatin. Wanda aka ce lallai albasa ta isa kasuwa kafin ta ruɓe zai nemi abin da zai hana ido rufewa, ya fara da goro da shayi mai kauri, ya ƙare a tiramadol. Sabon direba shi ya fi kowa faɗawa wannan tarko, domin yana son ya nuna wa Alhaji cewa ba a yi zaɓen tumun dare ba, kuma ya san akwai yaran mota goma da ke jiran makullin idan ya ce ya gaji.

A Tarayyar Turai doka ta ƙayyade wa direban babbar mota awa 9 a rana, da hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta lokacin tafiya da na tsayawa. A Amurka iyakar ita ce awa 11 bayan hutun awa 10. Waɗannan ƙasashe ba su fi kowa tausayi ba. Sun dai gano cewa gajiya tana kisa kamar giya, kuma sun sa kamfani ya ɗauki alhaki tare da direba. A Najeriya hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta na'urar taƙaita gudu a motocin haya daga Fabrairun 2017. Na'urar tana iya rage gudu, amma ba ta da abin da za ta yi wa mutumin da ya kwana biyu bai runtsa ba.

Tankar da ta kama da wuta a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta halaka mutum fiye da 150. Ta mahaɗar Dikko a jihar Neja, a Janairun 2025, ta ci fiye da 80. An yi ta wa'azi a kan masu kwasar mai, kuma wa'azin yana kan hanya. Amma duk irin wannan musiba tana farawa ne daga mota guda da ta kauce, da mutum guda a kan sitiyari, kuma da wuya a ji an tambayi mai motar yaushe direbansa ya yi barci na ƙarshe.

Nauyin iyaka

Ɗan Lafagu yana da ƙarin nauyin da direban Zariya ba shi da shi. Sana'arsa tana rataye da shawarar da ake yankewa a Abuja da Yamai da Kwatano. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu. An buɗe huɗu a Disamban 2020, amma ta Kamba a Kebbi sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya sa aka toshe gadar Malanville da Gaya, motoci suka yi jerin gwano na tsawon kilomitoci, direbobi suka yi watanni suna kwana a gindin motocinsu. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta ci gaba da rufe nata ɓangaren da Benin. Direban da ake biya da sawu, idan mota ta tsaya wata uku, wata uku ke nan babu ko kwabo, kuma babu takardar da ta ce mai mota zai ciyar da shi a zaman jira.

Ga kuma takardun ƙetare: katin inshorar ECOWAS da aka kafa tun 1982, takardun kwastan da ake cikawa da Faransanci, dokar nauyin kaya da ƙasashen sefa suka amince da ita a 2005. Ana tura yaro ya tunkari jandarma da 'yan duwan da ɗan Dandanci ko Zabarmancin da ya tashi da shi, ba tare da ya san abin da ya sa wa hannu ba. Idan aka samu shinkafar waje ko wani haramtaccen kaya a ƙarƙashin lodin da ba shi ya yi ba, shi za a kama. Mai kaya yana gida, wayarsa a kashe. Tun daga Nuwamban 2024 kuma, da rundunar soja ta bayyana ɓullar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi, hanyar iyaka ta ƙara zama wurin da ake fita da addu'a a baki.

Abin da masu motoci za su ce

Za su ce sana'ar nan da amana aka gina ta, kuma takarda alamar rashin yarda ce. Wannan hujja ba ta tsayuwa a gaban musulmi, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Su kansu masu motocin ba sa sayen tirela ba tare da takarda ba, ba sa karɓar kaya ba tare da webil ba. Ƙarfe yana da takarda, buhu yana da takarda, mutum ne kaɗai aka bar wa amana. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika.

Za su ce riba ta yi ƙaranci: gas ya yi tsada, taya ta yi tsada, shingaye sun yi yawa, hanya ta lalace. Duk gaskiya ne, kuma gwamnati tana da nata laifin babba. Amma idan kasuwanci ba zai ci riba ba sai an hana mutum barci, to ana cike giɓin ne da ran direba da ran wanda zai ci karo da shi. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa kashi 1 cikin ɗari na kuɗin albashi a matsayin mafi ƙarancin abin da mai ɗaukar aiki zai biya. Wanda ya iya sayen tirela ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba.

Za su ce koyo a hannun maigida ya fi kowace makaranta. A nan akwai gaskiya mai yawa. Yaron da ya shekara shida a gefen direba ya san kukan inji, ya san kowace kwana tsakanin Yawuri da Jebba, abin da aji ba zai ba shi ba. Sai dai yana gadon kuskuren maigidan tare da gwanintarsa, kuma babu mai tantancewa. Doka ta ware wa motoci masu jan bodi rukunin lasin nasu na daban, wato rukunin G. Lasin da aka samu ta hannun ɗan kamasho ba tare da gwaji ba takarda ce kawai ta wuce shinge.

Za su kuma ce direbobi ma ba waliyyai ba ne: akwai masu sayar da gas, akwai masu canza sabuwar taya da tsohuwa. Akwai su. Rubutacciyar yarjejeniya ita ce ke kare mai mota daga irinsu, kamar yadda take kare direba daga mai mota.

Abin da ya wajaba

Kada makulli ya fita daga hannu sai da takarda shafi guda, da Hausa, da boko ko da ajami, mai ɗauke da albashin wata tsayayye wanda bai rataya da yawan sawu ba, da kuɗin jira idan an rufe iyaka, da wanda ke da alhakin kayan da aka lodawa, da diyyar rauni ko mutuwa. Ƙungiyar masu motoci ta NARTO da ta direbobi ta NURTW suna da ofis a tashoshi, suna yankar tikiti kullum. Hannun da ke karɓar kuɗin lodi zai iya ajiye kwafin yarjejeniya, ya hana lodi ga motar da ba ta da ita.

Tafiyar da ta wuce yini guda ta zama ta direba biyu masu lasin, kuma shekarar farko ta sabon direba ta kasance a matsayin na biyu. Hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a Oktoban 2024 za ta ratsa Kebbi. Idan aka shimfiɗa ta babu wuraren kwana masu tsaro da ruwa da makewayi, an ƙara wa gajiyayye gudu ne kawai. Majalisar tarayya kuma ta dubi gurbin da ke cikin dokar mafi ƙarancin albashi, wadda ta keɓe masu ma'aikata ƙasa da 25 da masu aikin kamasho, domin a cikin wannan gurbi yawancin direbobi suke.

Akwai kuma rabon masu ilimi. Da yawa daga ma'aikatan banki, da likitoci, da lauyoyi, da manyan ma'aikatan gwamnati sun zuba jarinsu a tirela ko tifa, sun damƙa wa wani ɗan ƙauyensu. Mutumin da ba zai karɓi aiki ba sai ya ga takardar ɗauka, da fansho, da inshorar lafiya, shi ne ke sallamar direbansa da "Allah ya kiyaye hanya". Addu'ar tana da kyau, amma ba ta sauke haƙƙi. Saurayin Lafagu da zai tayar da mota gobe da asuba ya cika nasa alkawarin tun yana sa waji a ƙarƙashin taya. Saura wanda ya miƙa masa makullin ya ɗauki alƙalami.