A Duba Wutar da Na'urorin Intanet Ke Ci

Matsayinmu shi ne, duk hukumar da za ta sayi na'urorin rarraba intanet ta kebul a Dutsin-Ma da Kurfi, ta fara tambayar wutar da suke ci kafin ta yi cinikin farashi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Isa Kaita, da cibiyoyin jarrabawar JAMB masu haɗa kwamfutoci da kebul, har sakatariyar Kurfi, duk abin ya shafe su. Akwatin nan da ke maƙale a bango, ƙananan fitilunsa na ƙiftawa dare da rana, ba kasafai ake kashe shi ba. Mai cin wat 20 kacal, idan ya shekara a kunne, zai cinye kusan yunit 175. To ina ga gini guda mai irinsa goma? Kuma in wutar KEDCO ta ɗauke, nauyin kan dizal da batirin sola yake komawa.

Maganin ba sabo ba ne. Tun 2010 aka amince da ƙa'idar IEEE 802.3az, wadda ke sa kowace kafar kebul ta rage cin wuta idan ba saƙon da ke wucewa, ta farfaɗo nan take da zarar ya iso. Sai dai dole na'urorin da ke bakin kebul ɗin biyu su kasance masu ita. Don haka muna kira ga jami'an saye-saye su sanya ta cikin sharuɗɗan kwangila, ma'aikatan kwamfuta kuma su tabbatar an kunna ta, su riƙa kashe na'urorin ɗakunan jarrabawa idan an tashi.